“Wane” da “wani” ba ɗaya ba ne

Jama'a masu sauraro, a shirin wannan mako mun tsaya kan kalmar “wane”. In ka ce “wani ya zo”, galibi ba ka san shi ba. “Wane” kuwa ka san shi sarai, sunan ka sakaya. Mace “wance” ce, jam'i “su wane”, abu kuma “kaza”. A ja wasalin farko, kar a haɗa shi da na tambaya, irin “wane gari?”

To, ga inda gizo ke saƙa. Masu bugo mana waya daga ƙauyukan Maraɗi da Katsina sukan ce, “Wane mai shago bakin tasha ya ci amanata,” su ɗauka sun rufa asiri. Ina! Ƙauyen da shago ɗaya ne bakin tasha, ai ka faɗi suna ke nan. Shi ya sa muke katse irin wannan kiran.