Kanta Mai Ƙyafta Fitila da Kasuwannin Magarya da Dungas

Allon farashi na lantarki 'yar na'ura ce da ba ta wuce tafin hannun yaro ba, wadda ake maƙalawa a bakin kanta, ƙarƙashin kowane irin kaya, a manyan kantunan zamani. Aikinta na farko shi ne na takardar da aka saba liƙawa: ta nuna sunan kaya da kuɗinsa. Bambancin shi ne ita ba a ɓare ta idan farashi ya motsa. Kwamfutar kantin ce ke aiko mata da sabon kuɗi ta iska, rubutun ya sauya da kansa. Fuskarta irin ta na'urar karatu ta Kindle ce, ba ta cin wuta sai lokacin da rubutu zai canza, shi ya sa ƙaramin batir ke kai ta shekaru. A Turai sana'ar ta kafu tun farkon shekarun 1990, da kamfanin Pricer na Suwidin da SES na Faransa, wanda aka sauya wa suna zuwa VusionGroup a 2024. Daga baya Hanshow na Sin da SoluM na Koriya ta Kudu suka shigo.

Abin da ya mayar da allon ɗan jagora wata 'yar fitila ce da aka dasa a gefensa. Mai sayayya zai rubuta sunan abin da yake nema a manhajar kantin da ke wayarsa, manhajar ta faɗa masa layin da zai bi. Idan ya isa ya danna, sai fitilar da ke ƙarƙashin kayan ta shiga ƙyaftawa har idonsa ya faɗa kanta. Ma'aikata ma da ita suke gane inda za su jera sabon kaya, da inda za su ɗauko wa wanda ya yi oda daga gida. A 2024 kamfanin Walmart na Amurka ya ba da sanarwar zai sa alluna a kantuna 2,300 kafin ƙarshen 2026. Ya ce kanti guda na ɗauke da kaya sama da iri 120,000, kuma sauya farashin da kan ci wa ma'aikaci kwana biyu ya koma aikin 'yan mintoci.

Duk wannan ya rataya ne a kan wani abu da ya girme shi: lambar zane-zane da ke jikin kwali da gwangwani, wadda aka fara karantawa da na'ura a wani kanti a jihar Ohayo a 1974. Sai kowane kaya yana da lamba, an kuma rubuta mazauninsa a kwamfuta, sannan fitila za ta san inda za ta kunna. Idan yaron kanti ya ajiye gwangwanin tumatir a kantar madara, fitilar za ta yi ta ƙyaftawa a kan wurin da babu komai. Akwai kuma masu zargi. A watan Agusta na 2024 sanatocin Amurka biyu, Elizabeth Warren da Bob Casey, sun rubuta wa kamfanin manyan kantuna na Kroger suna tambaya ko allunan ba za su buɗe ƙofar ƙara kuɗin kaya a lokacin da jama'a suka fi buƙatarsa ba.

Ciwon da allon ya zo magancewa, babban kanti ne ya jawo wa kansa. Tun da Clarence Saunders ya buɗe Piggly Wiggly a birnin Memfis a 1916, inda mai saye ke ɗaukar kwando ya zaɓi kaya da hannunsa, aka fara janye mai sayarwa daga tsakanin mutum da haja. Kanti ya yi ta faɗi, ma'aikata suka yi ta raguwa, har aka wayi gari babu wanda za a tambaya.

A gundumar Magarya, da ta Dungas wadda aka cire daga jikinta a 2011, lamarin ba haka yake ba. Yanki ne na noma da kiwo a kudancin jihar Damagaram ta Nijar, kafaɗa da kafaɗa da Jigawa da Katsina, kuma yawancin cinikinsa a kasuwannin mako ake yinsa. Kasuwar kuwa a tsare take tun kafin a san kwamfuta. 'Yan hatsi na da gefensu, 'yan koli na da layinsu, mahauta da 'yan gwari da masu atamfa kowa da rumfarsa, kara kuma tana can baya inda ƙurar dabbobi ba za ta dami kowa ba. Baƙon da ya zo neman riɗi ko igiyar guga ba ya yin taku ashirin bai samu wanda ya nuna masa da baki ba, don matambayi ba ya ɓata. Idan cinikin babba ne, dillali na nan: ya san wanda ke da haja, ya san wanda ke da kuɗi, ya haɗa su ya karɓi la'adarsa. A shagon unguwa ma mai shagon ne ke tsaye gaban kantarsa. A ce masa sukari ko ashana, hannunsa ya kai kafin a rufe baki.

Farashi ma ba abin kafewa a allo ba ne. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ja a saki har a kai ga sallama, kuma abin da aka sallama wa maƙwabci ba lallai shi za a sallama wa baƙo ba. Gero da dawa da wake da tiya ake auna su, ba su da kwali balle lamba. Ga kuɗi iri biyu suna yawo a aljihu ɗaya, sefa da naira. Ita sefar ma da dala ake lissafa ta: allo zai rubuta 100, baki ya ce dala ashirin. Wuri guda da allon zai yi rana shi ne wajen mai shagon da ke saro kaya daga Kano, wanda dole ya sake lissafi duk lokacin da canji ya motsa, musamman tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na 2023. Amma ko shi sai ya tanadi kwamfuta da intanet da wutar da ba ta yankewa. Wutar kuwa kaso mai yawa daga Nijeriya take zuwa, kuma an ga yadda aka katse ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023. Ƙari a kan haka, manyan da suka iya karatun boko a Nijar ba su kai rabi ba.

Neman da ke ba ɗan kasuwar yankin wahala ba a cikin kasuwa yake ba, tsakanin kasuwanni yake: ina gero ya fi araha a wannan makon, ina ake neman wake, nawa rago ya kai a Maigatari ranar Alhamis. A da sai an yi tafiya, ko a jira labarin farashi da hukumar SIMA ke tattarawa ana watsawa a rediyo. Salula ta shigo Nijar a 2001. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta bi diddigin kasuwannin hatsi na ƙasar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa inda layin waya ya isa, tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ragin ya fi yawa a kasuwannin da ke nesa da juna, waɗanda kuɗin mota tsakaninsu ke da tsada.

Yau babbar waya ta ɗora a kan wannan. Saƙon murya na WhatsApp ba ya buƙatar iya rubutu, hoto kuma ya ɗauke wa mai saye rabin tafiya. Dillalin da ke tsaye a kara zai kama leɓen rago ya ɗauki hoton haƙoransa, ya zagaya ya ɗauki ƙirji da gindi, ya tura wa mai saye a Damagaram ko Kano. A yi tayi da murya, a sallama da murya, kuɗi su biyo ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana, rago ya hau mota da yamma.