Matamaye: goyo a baya, alli a hannu

Duk wanda ya leƙa makarantun firamare na Matamaye da ƙauyukan kewaye da hantsi, da wuya ya rasa ganin wata yarinya a gindin bishiya da jariri a bayanta. Wannan ita ce 'yar renon malama. Idan yaron ya tsananta kuka sai ta matso bakin ƙofar aji, malama ta ajiye alli, ta fito ta ba shi nono, ta koma ta ci gaba da darasi daga inda ta tsaya.

Haka yawancin mata ma'aikata ke haɗa aiki da reno a wannan gari, fadar gundumar Kance da ke jihar Damagaram, a kan hanyar da ta nufi Daura. Kafin ƙarfe takwas ta yi, malama ko ungozomar likita ta riga ta ɗora tukunya, ta yi wa yara wanka, ta sallami maigida. Idan ta tashi aiki kuma tuwon dare na jiran ta.

Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta ba mace mai aiki hutun haihuwa na sati 14, takwas daga ciki bayan ta sauka, da hutun shayarwa da bai wuce awa ɗaya a yini ba. A takarda abin ya yi kyau. Amma sati takwas kwana 56 ne. A cire kwana 40 na wankan jego, saura kwana 16 kacal mai jego ta koma bakin aiki. Ga kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana kira da a shayar da jariri nono zalla har wata shida, kiran da ma'aikatan jinya da kansu ke maimaita wa iyaye mata a wurin awo. Wadda ke ba da shawarar ita ma ta baro nata jaririn a hannun wani.

Wadda aka tura aiki ƙauye ta fi shan wuya. Ko dai ta tare can ta bar miji da manyan yara a gari, ko ta riƙa hawa kabu-kabu safe da yamma da goyo, kuɗin mai na cin albashin da dama bai taka kara ya karya ba. Idan ta nemi a dawo da ita gari, sai a ce mata ba sa son aiki. Kuma abin ba sau ɗaya ba ne a rayuwarta: binciken ƙasa na 2012 ya nuna mace a Nijar na haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, na 2021 kuma 6.2.

Waɗannan ma masu albashi ke nan. Mai suyar ƙuli-ƙuli da mai sayar da man gyaɗa babu wata doka da ta ba su hutu. Ranar da ba a kunna wuta ba, babu kuɗin cefane, babu na zubin adashi. Wasu matan Kance kuwa nisa suke yi, su bi ta Agadas da Arlit zuwa Aljeriya neman aikatau ko bara. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 yara, 33 mata, akasarinsu 'yan wannan yanki. Tun ƙarshen 2014 Aljeriya ke maido da 'yan Nijar a manyan motoci, amma tafiyar ba ta tsaya ba.

Uwar da ta tafi takan ɗauki ƙanana, ta bar sauran wa kaka ko babbar 'yarta. Ita ma 'yar renon malama galibi 'yar dangi ce da aka ɗauko daga ƙauye, shekarunta na zama aji ne. Tana jin ana bitar karatu ta taga, wani lokacin har ta haddace, amma sunanta ba ya cikin rajista.