Cikin Da Ba a Nema Ba: Matsalar Da Ke Gaban Malamai da Likitoci a Ƙanƙara

Tun daga ranar 11 ga Disamba 2020, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, duniya ta san sunan garin. Amma akwai wata masifar da ba a cika faɗinta a bainar jama'a ba. A ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, cikin matan da ake sacewa akan sami waɗanda suke dawowa gida ɗauke da ciki. To, yaya za a yi da wannan ciki?

Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga wanda ya zubar da ciki, sai fa in don a ceci ran uwa ne. Ba ta ware fyaɗe ba. Alhali kuwa Yarjejeniyar Maputo ta 2003, wadda Nijeriya ta amince da ita, ta yarda da zubarwa a irin wannan hali.

A wajen malamai kuwa, maganar ta dogara ga lokacin da tayi yake zama mutum. Hadisin Ibn Mas'ud, watau na huɗu a cikin Arba'una ta Nawawi, ya nuna matakai uku na kwana arba'in-arba'in, sa'an nan a busa rai. Kwana 120 ke nan. Bayan wannan, malamai sun haɗu a kan haramci, in ba ran uwa ne ke cikin haɗari ba. Kafin nan ne saɓani yake. Wasu Hanafawa sun yi sauƙi in akwai uzuri, amma mashahurin zance a mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar Hausa, ya hana tun daga lokacin da ciki ya shiga.

Duk da haka, Malikiyya ba ta daidaita tayi da wanda aka haifa ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiran zaure suke karantawa, ta sa diyyarsa dinari 50, alhali ta cikakken mutum dinari 1,000 ce. Jaririn da ya faɗo bai yi kuka ba kuwa, ba a yi masa salla, ba ya gado. Ashe darajar hawa take yi.

Abin takaici shi ne, matar da ta yi wata biyar a daji ta riga ta wuce kwana 120 kafin ta ga malami ko likita. Wadda ta dawo da wuri kuma kunya takan hana ta zuwa asibiti, sai ta koma ga jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin kemis, waɗanda kan jawo zubar jini har ya kai ga halaka.