Zaman Ƙasar Waje: Fim Ba Maƙwabciya Ba Ne

A wannan mako ina so mu tattauna a kan wani al'amari da ya fara yawa a nan Birnin Kudu da Gwaram, watau tafiyar 'ya'yanmu mata ƙasashen waje, waɗansu don neman ilmi, waɗansu kuwa aure ne ya kai su. Ranar tashi a kan yi murna a raka yarinya filin jirgin sama na Kano, amma ba safai a kan gaya mata yadda zaman zai kasance ba.

Ina da ƙanwa wadda aka aurar daga Gwaram, mijinta yana karatu a Jami'ar Azhar ta birnin Alƙahira. Yarinyar da ta saba da tsakar gida mai cike da 'yan'uwa, sai ga ta a hawa na huɗu, ƙofa a rufe, ba mai shigowa ya yi sallama. Sanyin watan Disamba da Janairu ya kama ta, ranakun hutu kuma Jumma'a da Asabar ne, ba Asabar da Lahadi ba. Larabcin da ta koya a Islamiyya bai fisshe ta ba, domin na titi dabam yake. Ranar da ta fara jin yara suna cewa "mayya" sai gabanta ya faɗi, alhali kuwa ruwa suke nufi!

To, da kewa ta dame ta, sai ta koma ga wayar hannu. Da ma yanzu finafinan Hausa suna bin mutum duk inda yake. Ga Labarina na Malam Aminu Saira, ga Izzar So, waɗanda aka fara nunawa a 2020, ga kuma Daɗin Kowa na tashar Arewa24. Tun daga hantsi har la'asar tana kallo a YouTube. Ban ga laifinta ba, gama jin harshenka a bakin wani yana sanyaya zuciya. Amma wata takwas suka wuce ba ta san ko sunan matar da ke ƙofa da ƙofa da ita ba.

Rannan mijin yana ɗakin jarrabawa, wayarsa a kashe, zazzaɓi mai zafi ya rufe jaririnta. Ta fito a gigice ta buga ƙofar maƙwabciya, amma ta rasa kalma ɗaya da za ta faɗa. Allah ya sa tsohuwar mai hankali ce, ta taɓa goshin yaro, ta yafa mayafi ta kai su wurin likita. Ke 'yar'uwa, ki tsaya ki yi tunani: da ba a buɗe wannan ƙofa ba fa? Wane ɗan wasa ne zai fito daga cikin waya ya taimake ta?

Daga ranar ta sake hali, ga kuma abin da nake so ki ɗauka daga wurinta. Na farko, ki gai da maƙwabta tun makon da kika sauka, ko da da hannu ne da fara'a. Na biyu, ki nemi izinin maigida ki san hanyar kasuwa da ta asibiti. A Alƙahira jirgin ƙarƙashin ƙasa yana da taragon da aka keɓe wa mata, sa'an nan a kasuwa za ki tarar da abubuwan gida da wani suna: mulukiya ita ce lalo, bamiya kuɓewa ce, karkade kuwa zoɓo ne. Da waɗannan ba za ki rasa miyar da za ki kaɗa ba. Matambayi ba ya ɓata.

Na uku, ki mai da kallo ya zama makaranta. Masar ta daɗe a harkar silima, tun 1932 take yin fim mai magana, kuma cikin watan azumi gidajen talabijin kan cika da sababbin wasanni. Ƙanwata takan zauna da tsohuwar nan su kalli ɗaya tare, tana riƙe da littafi da fensir, kullum ta rubuta kalmomi biyar. Ita ma ta nuna wa tsohuwar tallan Mai Martaba, fim ɗin Hausa da aka ɗauka a Daura wanda Nijeriya ta aika gasar Oscar a 2024, ta ce mata ga irin sarautarmu da suturarmu. Kin ga fim ya zama hanyar zumunci ke nan. Na gida kuwa ta ajiye masa sa'a guda bayan sallar isha'i.

Ku kuma 'yan makaranta, nakan faɗa wa ɗalibaina kada su yi wasa da darasin Larabci da na Turanci, domin ba wadda ta san inda rabonta zai kai ta. Iyaye mata, in kuna haɗa wa 'yarku kuka da daddawa da yaji, ku haɗa mata da wannan gargaɗi. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi ce, amma fa sai ga wadda ta buɗe ƙofarta.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu a duk inda suke, amin. Sai mun sadu a mako mai zuwa.