Mu Kula Da Ƙodar Tsofaffinmu

'Yan'uwana matan Barnawa, ciwon ƙoda yana yawaita ga tsofaffi, ba ya kuwa yin sallama. Sai ya yi ƙarfi kana ƙafa ta kumbura. Likitoci sun kasa shi mataki 5, da awon jini da na fitsari a ke gane matakin. A na 5 sai wankin ƙoda ko dashe. Masu hawan jini da ciwon sukari su ya fi kamawa.

To, ke uwargida, rage gishiri a miyar Inna, ki hana ta shan maganin ciwon jiki barkatai. Kowace shekara ki haye kogi da ita zuwa Asibitin Barau Dikko a auna ta.