Maganin Ƙwari da Zuriyar Maza

Ya ku malamai da fatake, ku sani cewa maganin da ke kashe ƙwaro yana iya taɓa zuriyar wanda ya riƙe shi.

A shekara ta 1977, a garin Lathrop na jihar Kalifoniya a Amurka, ma'aikatan wani kamfani mai haɗa maganin tsutsar ƙasa, wanda ake kira DBCP, suka lura an daɗe matansu ba su haihu ba. Da likitoci suka auna maniyyinsu, sai aka tarar waɗansu ƙwayoyin haihuwarsu sun ragu ƙwarai, waɗansu kuwa babu ko ɗaya. Ga su lafiyayyu, ba abin da ya rage musu wajen iyali. Hukuma ta hana maganin a 1979, sai a gonakin abarba na Hawayi. Masu aikin gonakin ayaba a Kosta Rika da Nikaraguwa su ma abin ya same su.

Masu ilmi sun ce da yawa daga magungunan ƙwari sukan haifar da wata irin tsatsa a jiki, mai cin fatar ƙwayar maniyyi, domin fatar nan kitse ce mai saurin lalacewa. Bitamin C da bitamin E su ke tare wannan tsatsa. An gwada a kan ɓeraye, aka ba su maganin ƙwari tare da bitamin, ɓarnar ta ragu. Amma mutum ba ɓera ba ne. A wani gwaji da aka bayyana a Amurka a 2020, maza masu ƙarancin haihuwa sun sha ƙwayoyin bitamin wata da watanni, maniyyinsu bai gyaru ba. Saboda haka a ci gwaiba da lemo da garin 'ya'yan kuka da gyaɗa, suna da amfani, amma kada wani ya ɗauke su garkuwa.

To, mu a nan, abin ya fi shafar mai ajiyar wake, wanda ke yayyafa fiya-fiya da hannu tsirara, sa'an nan ya kwana cikin sito. Saboda wannan magani ne ƙasashen Turai suka hana shigar da waken Nijeriya a 2015. Alhali kuwa akwai buhun nan mai ninki uku, da ake kira PICS, wanda ke toshe iska har ƙwaro ya mutu ba tare da magani ba. In kuwa feshi ya zama tilas, a sa safar hannu, a rufe hanci, a yi wanka da sabulu kafin cin abinci.