Ciwon Ƙoda da Maƙoƙo: Bayani ga Hakimai da Malamansu

A gaban wuyan kowane mutum, ƙarƙashin maƙogwaro, akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi, likitoci suna kiranta tayirod. Ita ce idan ta kumbura ake ce mutum ya yi maƙoƙo. Aikinta shi ne ta tsamo aidin daga cikin jini, ta haɗa wani sinadari wanda ke daidaita bugun zuciya da ɗumin jiki. Ƙoda kuwa tace jini take yi, kimanin lita 180 kullum, kuma ta hanyarta ne mafi yawan aidin ke fita cikin fitsari. Saboda haka ciwon ɗaya yakan taɓa ɗaya.

Idan tayirod ta yi rauni, sai zuciya ta rage ƙarfi, jinin da ke isa ƙoda ya ragu, har awon jini ya nuna kamar ƙodar ta lalace. Irin wannan, da an ba mutum maganin tayirod, galibi sai ƙodar ta farfaɗo.

Haka kuma idan ciwon ƙoda ya daɗe, watau ya wuce wata 3, aidin yakan taru a jiki, yawansa kuwa yana iya danne aikin tayirod. Wani kuma sinadarin nata ne ke zurarewa cikin fitsari. Wani bincike da aka buga a Amurka cikin 2005 ya nuna cikin mutum 100 masu lafiyar ƙoda, wajen 5 ne ke da raunin tayirod, amma cikin waɗanda ƙodarsu ta raunana ƙwarai sun haura 20.

Abin lura shi ne alamun cututtukan nan biyu sun yi kama: kasala, kumburin fuska da ƙafafu, jin sanyi, da bushewar fata. Sau da yawa ma wuya ba ya kumbura. Ido ba ya rarrabe su, sai awon jini.

Don haka ana roƙon Hakimai su sanar da Dagatai da Masu Unguwa, su kuma su gargaɗi jama'a da abu uku. Na farko, mai ciwon ƙoda ya nemi likita ya auna masa tayirod, mai maƙoƙo kuma a duba ƙodarsa. Na biyu, gishiri mai aidin, wanda dokar Nijeriya ta wajabta tun 1993, shi ne rigakafin maƙoƙo, amma mai ciwon ƙoda kada ya ƙara gishiri ko ya sha maganin aidin sai da izinin likita. Na uku, wanda aka ba ƙwayar tayirod ya sha ta da sassafe kafin kari, ya jinkirta ƙwayar ƙarin jini awa 4, domin takan hana ta shiga jiki.

Malaman Hakimai su karanta wannan takarda a bainar jama'a ran kasuwa. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.